Tukunyar Mutum Biyu

Shekara ashirin da uku ina dafa wa alhazai tuwo a Arfa da Mina, sai ga shi an zo har falona an ce ban iya girki ba.

Hajiya Asiya ce ta zo, uwar Hafizu, mijin 'yata Nuriyya. Ranar huɗu ga Shawwal ce, bayan la'asar, ko kayan ƙaramar Sallah ba mu gama ninkewa ba. Ta taso daga unguwarsu Zahir, ta hawo benenmu na unguwar Tandabawi tana haki, ta sha shayi kofi biyu, ta yabi labulena, sannan ta ajiye abin da ya kawo ta.

"Ummu Nuriyya, mun yi shawara. Idan Allah ya sauki yarinyar nan lafiya, a wajena za ta yi wanka."

Na ji ta sarai, amma so nake ta maimaita. Na ce, "Wane wanka?"

"Wankan jego. Kwana arba'in ɗin."

Duk wanda ya san mu ya san haihuwar fari a gidan uwa ake jegonta. Kakata ta taho da wannan al'ada tun lokacin da ta biyo ta Sudan ta shigo ƙasar nan mai tsarki. Uwata ta yi nata a ɗakin kakata, ni na yi nawa a ɗakin uwata, ɗakin nan dai da na riga na share na sa wa sabuwar katifa. Nuriyya kuwa ita kaɗai Allah ya ba ni. In ban yi mata ba, babu wata da zan yi wa.

Hajiya Asiya ta gyara zama ta ce, "Likita ta ce jininta ya hau. An hana ta gishiri sai ɗan kaɗan. Ke kuma, ki yi haƙuri, kowa ya san hannunki."

"Hannuna ya yi me?"

"Hannunki na babbar tukunya ne."

Na juya na dubi Malam Garba, mijina. Yana zaune bakin ƙofa yana kallon carbinsa kamar ranar ya fara ganinsa. Na ce, "Malam, ka ji abin da ake faɗa?"

"Na ji."

"To?"

Ya yi gyaran murya ya ce, "Gishirin dai yana ɗan yin yawa, Rahmatu."

Shekara ashirin da bakwai muna tare, bawan Allahn nan bai taɓa faɗa ba sai a gaban suruka. Na raka Hajiya Asiya har ƙasan bene, na ce ta gaida gida, na dawo na shiga madafa na rufe ƙofa na yi kuka. Da ƙarya ta yi mini da na ji sauƙi.

Bari in faɗa muku yadda aikinmu yake, kada ku yanke mini hukunci da wuri. Tukunyar da nake tsayawa a kanta tana ciyar da mutum ɗari biyar. Maza huɗu ke ɗora ta a wuta. Muciyarta ta kai ni tsawo, mu biyu muke tuƙi, ni da Saudat, ƙawata 'yar Damagaram da muka fara aikin rana ɗaya. Gishiri ba da cokali ake zuba shi ba, da hannu ne, cike, sau tara a miyar kuka, sau goma sha ɗaya in ta kuɓewa ce. Ba na awo, ba na ɗanɗanawa, hannun ne ya sani. Alhazan Sakkwato har tambaya suke wace ce ta yi miyar. In Hajji ya wuce akwai masu Umara, akwai bukukuwa, madafar kamfanin ba ta hutawa.

Amma in na dawo gida da yamma, ko albasa ba na son gani. Abin da ya saura a wurin aiki shi nake kwasowa a robobi, mu ɗumama mu ci. Da shi Nuriyya ta girma. Tun tana ƙarama, in ta ji takuna a bene sai ta leƙo ta ce, "Ummi, yau me ya saura?" Ni kuma in yi dariya, ina ganin wayon yara ne. Ran da tsautsayi ya sa na ɗora tukunya a gida kuwa, sai hannun nan ya yi abin da ya saba. In yi niyyar na mutum uku in sauke na mutum ashirin, gishiri kamar na ɗebo ruwan miyar daga tekun Jidda. Maƙwabta sun sha karɓa da godiya. Ashe zubarwa suke yi.

Washegari na ba Saudat labari muna gyaran shinkafa. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan buhu. Da ta ga na haɗe rai, ta share hawaye ta ce, "To ki koya mana. Wata biyu ya rage ta haihu."

"Wa zai koya mini? In je Zahir in durƙusa?"

"Ki sa a waya." Saudat tana da shafi inda take nuna zanen lalle, ta san kan abin. "Kullum ki dafa, ki ɗauka, ki sa. Matan da ke kallo ba sa raga wa kowa, za su gyara miki. Kuma surukar taki ta gani da idonta."

"A shekaruna?"

"Wa ya ce ki nuna fuska? Hannun ne ake ƙara, shi za ki kai gaban mutane."

Ranar na biya kasuwa na sayi tukunya ƙarama, wadda ludayin wurin aikinmu ma ya fi ta ciki. Mai shagon ya tambaye ni ko ta shayi ce. Saudat ta buɗe mini shafi, na sa masa suna Tukunyar Mutum Biyu. Na ɗaure wayar da tsohon ɗankwali a hannun kabad, tana kallon murhu daga sama.

Na fara da miyar kuka. Na ce, "Sunana ba ruwanku da shi. Shekara ashirin da uku ina ciyar da dubbai, an ce ban iya ciyar da mutum ɗaya ba. A gabanku zan koya." Ina cikin wannan cika baki hannuna ya tafi ya dumbuzo gishiri ya watsa. Wallahi ban san ya yi ba sai da na kalli hoton daga baya. Malam ya kai loma ɗaya, ya miƙe ya tafi firij ya sha ruwa kofi biyu. Tarinsa ma ya fito a ciki. Na daɗe ina riƙe da wayar, sannan na ce in dai kunya ce na riga na sha ta a falona. Na sa shi haka nan.

Kafin azahar ta washegari mata sun yi caa a kaina. Wata daga Kano ta rubuta, "Baiwar Allah, miya kike yi ko jimar fata?" Wata ta ce a kai mijin asibiti. Na karanta duka, raina yana tafasa. A cikinsu akwai wata tsohuwa daga Maraɗi da ta turo murya, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "'Yata, hannu ba ya jin magana. Ki zuba gishirin a marfin kwalba tun kafin ki kunna wuta, sauran ki fitar da shi daga madafar gaba ɗaya." Na ɗauki ledar gishirin na kai ɗakin kwana na ɗora a kan sif, inda sai na taka kujera zan kai.

Gishiri ya gyaru, sai wasu ɓarnar suka fito. Babbar tukunya tana awa guda kafin ta tafasa, to haka na ɗora ƙaramar na tafi ninkin kaya, na dawo na tarar ruwan ya ƙone ƙurmus. Tuwo na tuƙa shi da ƙarfin da na saba, tukunyar ta tashi daga kan murhu ta bi ni. Barkono na mutum hamsin na zuba a miyar taushe. Duk na sa. Ban ɓoye ko ɗaya ba, har ƙanzon na juya wa wayar ta gani.

A rana ta tara wani abu ya same ni. Na zuba albasa a mai, sai na ji ƙararta. Za ku ce wannan ai ba komai ba ne. A madafar kamfani wutar gas tana ruri kamar mota, sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji ka, hayaƙi da tururi sun toshe hanci. Shekara da shekaru ban ji albasa tana soyuwa ba. Na tsaya ina saurare, na ji lokacin da ƙarar ta sauka, na san ta yi. Na jefa daddawa, ƙamshin ya taso ya cika madafar. Na ɗiga miyar a tafin hannuna na lasa, kamar yadda uwata take yi a wannan wurin, a gaban wannan tagar. Sai na ga ina murmushi ni kaɗai kamar wawiya. Ashe girki yana da daɗi. Na manta, wallahi na manta. Tun daga ranar in na taso aiki har sauri nake in zo in ɗora 'yar tukunyata.

Wata Juma'a Malam ya dawo daga masallaci bai cire hularsa ba ya tsaya a ƙofar madafa.

"Rahmatu, ki sauke abin nan. An gane tarina. Yau mutum uku suka tambaye ni ko in zo in sha ruwa."

"Sai ka sha."

"Kuma Hafizu ya ce mahaifiyarsa tana kallo. Ta ce kin tabbatar wa duniya abin da ta faɗa."

Na ajiye wuƙar na juyo. Na ce, "Malam, shekara ashirin da uku kana haɗiyar gishiri ka yi shiru, sai da baƙuwa ta zo ka buɗe baki. Da ka faɗa mini tun yarinyar nan tana goye da ba mu zo nan ba. Yanzu ka yi haƙuri ka ci gaba da ɗanɗanawa. Ba zan sauke ba."

Ya cire hular, ya zauna ya ce me aka dafa. Ranar a ƙarshen hoton na ce, "Masu kallo daga Zahir, ina gaisuwa. Kada ku gaji, gobe faten wake ne."

Tsakiyar Zulƙida na ga hannuna ya daidaita. Mako biyu Malam bai tashi neman ruwa ba, matan shafin sun daina tsokana sun koma tambayata yadda nake kaɗa kuka ba gudaji. Na yi farfesun kaza da citta da masoro da kimba, na naɗe tukunyar a tawul na tafi Zahir. Nuriyya da mijinta suna saman bene, Hajiya Asiya tana ƙasa. Na sami Nuriyya kwance, ƙafafunta sun kumbura. 'Yar fari ce, ban saba kiran sunanta a gabanta ba. Na ce, "Ke, tashi ki ci."

Ta ci rabi ta ce ya yi daɗi. Larabci ya fi sauƙi a bakinta, amma da ni Hausa take yi, a hankali, tana zaɓen kalma.

Na ce, "To sai ki gaya wa surukarki. Ki ce mata hannun ya gyaru."

Ta ajiye cokalin. "Ummi, ba Hajiya ce ta fara maganar ba. Ni na roƙe ta."

Na ji kamar an zare mini kujera. Na ce, "Ke?"

"Gishirin gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Likita ta ce farkon Zulhajji zan haihu. Ina kike a farkon Zulhajji?"

"Kwana shida ne kawai a Mina da Arfa, sai in dawo."

"Ki dawo da robobi." Ba ta ɗaga murya ba. "Ummi, ban taɓa yin babbar Sallah da ke ba. A gidan maƙwabta nake yi. Ba na so in kwanta da jariri a ɗakinki ina jiran abin da alhazai suka rage."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da wannan babbar tukunyar aka yi mata karatu, da ita aka yi mata kayan ɗaki, yau ta zama abin gori. Na ce ba ta san zafin wutar Arfa da tsakar rana ba. Na kwashi tukunyata na sauko ko sallama ban yi wa ta ƙasa ba. Kwana biyu ban ɗora komai ba, ban sa komai a shafi ba. Ina ta yi mata faɗa a zuci, kuma duk inda na kai faɗan sai in ji muryarta tana ƙarama a saman bene tana tambayar me ya saura.

A rana ta uku na sami Abu Sa'ud, shugaban madafarmu, yana duba jerin waɗanda za su fita Arfa. Na ce ya cire sunana.

Ya ɗago. "Ba ki da lafiya?"

"Lafiyata ƙalau. 'Yata za ta haihu."

"Rahmatu, in ba ki fita bana ba, dole in ba wata tukunyarki. Kuma wadda ta karɓa ba za ta sake ba. Kin san haka."

"Ka ba Saudat. Ta san hannu tara, ta san goma sha ɗaya."

Na fito, ban koma ba. Babu wanda ya yi mini alkawarin komai. Ban kira Nuriyya ba, ba zan je in sayi zuwanta da aikin da na bari ba. A hoton ranar dai na ce, "Bana ba ni a Arfa. Ina gida." Malam ya ce, "In kuma yarinyar ba ta zo ba fa?" Na ce sai in kai mata.

Ta haihu ranar uku ga Zulhajji, mace, lafiya lau. Bayan kwana biyu aka sallame su. Ina tsaye a ƙofar asibitin da jakar kayan da na haɗa, Hafizu ya buɗe mota, Hajiya Asiya ta shiga baya da jaririyar, aka nufi Zahir. Nuriyya ba ta dube ni ba. Hajiya Asiya ta sauke gilashi ta ce, "Ƙofa a buɗe take, Ummu Nuriyya, kullum." Na ce na gode. Na dawo na zauna a kan sabuwar katifar nan, na ji zafin da ban taɓa ji ba.

Da safe na ɗora tukunya. Matan shafin suka taso mini wai mai jego dole ta sha kunun kanwa, haka iyaye suka yi. Na ce likita ta hana kanwa, kuma 'yata ce ba tasu ba, kunun gyaɗa zan dama. Wasu suka yi fushi suka tafi, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Kai abincin shi ne aiki. Gari ya cika maƙil da alhazai, an toshe tituna, mota ba ta kai ni ko rabin hanya. Sauran a ƙafa nake yi, lema a hannu ɗaya, tukunya a ɗaya. In na isa, Hajiya Asiya takan karɓa a madafarta, ta ɗauko cokali ta ɗanɗana a gabana, kamar mai gadin kamfani yana duba jakata. Sai ta ce, "Ba laifi. Amma mun riga mun ba ta abinci, za a ajiye." Kwana uku haka. In hau in ga jaririya, mu gaisa da Nuriyya sama-sama, in sauko in karɓi tukunyata an juye an wanke. Ban san cikin wa abincin yake shiga ba. Na cije na haƙura.

Ranar Arfa na farka na ji shiru. Na leƙa taga, titinmu babu kowa, sai kuliyoyi da mata jefi-jefi cikin baƙaƙen abaya suna tafiya Harami, kamar yadda matan garin nan suke yi in alhazai sun fita. A garin aka haife ni, amma shekara ashirin da uku ban ga unguwarmu a wannan rana ba. Mun ɗauki azumi ni da Malam, kamar duk wanda bai fita Hajji ba. Ni wannan ne karo na farko tun da na fara aikin, don mai tuƙa tuwon ɗari biyar a rana ba ta iya azumi.

Na ɗaura wayar, na ɗora tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka da kaza. Ina tsaka da yi Saudat ta kira daga Arfa, ina jin rurin gas a bayanta, tana ihu wai tara ne ko goma sha ɗaya. Na ce tara, kuka ce. Na ji wani abu ya soke ni a ƙirji, sannan ya wuce.

Da miyar ta kai wurin gishiri sai na tuna ba zan ɗanɗana ba, Malam ma haka. Na san malamai sun ce ana iya taɓawa a harshe a tofar. Na dubi marfin kwalbar da na yi wata biyu ina awo da shi. Sai na ture shi gefe, na je ɗaki na taka kujera na sauko da ledar gishirin, na ajiye ta a gaban wayar. Na ce, "Hannun nan aka kai ƙara. Yau shi zai zuba, babu marfi, babu harshe." Na sa yatsu uku na ɗebo. Na ji sun nemi su ƙara, na hana su. In kuskure ne, gara ya faɗa ɓangaren rashi.

Babu mota ko ɗaya. Na taka tun daga Tandabawi har Zahir, na isa ana kiran azahar, bakina ya bushe kamar ƙanzo. Hajiya Asiya ta karɓi tukunyar, ta buɗe, ta ɗauko cokalinta ta tsoma. Har ta kai shi kusa da baki sai ta tsaya. Ita mace ce da ko asuwaki ba ta yi da rana in tana azumi.

"Ina azumi," ta ce.

"Ni ma."

"To wa ya ɗanɗana?"

"Babu wanda ya ɗanɗana. Hannuna ne ya zuba."

Ta mayar da murfin. "To a bari sai an sha ruwa."

Na sa hannu na ɗauke tukunyar daga gabanta. Na ce, "Hajiya, kwana uku ina kawowa ana ajiyewa, na yi shiru don girmanki. Mutum ɗaya ce ba ta azumi a gidan nan, kuma don ita na dafa. Ita za ta faɗa." Na bi ta gefenta na hau bene. Ta biyo ni tana kiran Ummu Nuriyya, ban waiwaya ba.

Nuriyya tana zaune a gado, jaririyar tana barci a gefenta. Ta dube ni, ta dubi ƙurar da ke ƙafata, ta dubi agogon bango. Ta san a wannan sa'ar ake sauke tuwo a Arfa.

"Ummi, da gaske ba ki je ba."

"Ga ni kina gani. Wanke hannu."

Na buɗe tuwon daga leda na ajiye mata tukunyar a kan tire, ban ma nemi kwano ba. Ta gutsura ta dangwala ta kai baki. Ni da Hajiya Asiya muna tsaye a kanta, mu biyu masu azumi, muna bin lomar da ido. Ta haɗiye, ta sake gutsura.

Hajiya Asiya ta kasa haƙuri ta ce, "Gishirin fa?"

Nuriyya ta ce, "Bai ji ba sosai."

Dariya ta kubce mini. A rayuwata ba a taɓa faɗa mini wannan ba. Hajiya Asiya ta nemi kujera ta zauna.

Yarinyar nan ta ci gaba da ci, ba ta ɗago ba. Ta cinye tuwon, ta cinye kazar, ta karkata tukunyar ta bi gefenta da yatsa ta suɗe. Sannan ta ce, "Ummi, akwai saura?"

Na ce, "Babu. Naki ne ke kaɗai na dafa, kin cinye."

Ta daɗe tana kallon cikin tukunyar. Na ga hawaye ya ɗiga a kan tiren, na kawar da kai na kama gyara wa jaririyar zani.

"Ɗakin nan," ta ce, "kin gyara?"

"Tun Shawwal."

Ta juya wajen surukarta. "Hajiya, ki yafe mini, kin yi mini komai. Gobe in an gama suna zan bi Ummi. Ina so in yi Sallah a gida."

Hajiya Asiya ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta buɗe sif ta fara ninke kayan jaririyar ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ki riƙa ƙara ɗan kaɗan dai. Mai jego tana son ta ji abin da take ci."

Na ce to. Na ɗauki tukunyata na fita zan wanke, ko da yake babu abin wankewa a ciki.